Rashi, bashi da haushi: amsar Kawu kan makoki, yafiya da zuwa arba'in

Assalamu alaikum 'yata. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan mahaifinki Malam, ya sa can ta fi masa nan, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Saƙonki ya iso. Kin ce ranar da aka kira ku ɗaki bayan an gama suturta shi, aka ce kowa ya yafe masa, kin ce "na yafe" kamar yadda kowa ya faɗa, amma yau kwana ashirin da huɗu zuciyarki ta ƙi bin bakinki. Dalili kuwa kuɗin filin nan ne, naira dubu ɗari shida da kika ba shi ajiya, ya juya su a hidimar bikin ƙanwarki, kuka rabu a kan haka ba da daɗi ba. Kin ce kina jin haushin baffanki da abokiyar zaman mahaifiyarki, don Malam ya kwana goma sha ɗaya a asibiti ana ce miki jiki da sauƙi, da kika iso sai likkafani kika tarar. Kin ce har yanzu kuka kike yi, mata na ce miki kina ƙona shi da hawaye. Sannan kika tambaya ko dole ne ki zo arba'in ki zauna tabarma ɗaya da mutanen da ko muryarsu ba ki son ji.

Kaya uku kika haɗa a ɗauri ɗaya, shi ya sa ya gagare ki ɗauka. Akwai rashi, akwai bashi, akwai haushi. Kowanne da ƙofarsa da lokacinsa a al'ada da shari'a, kuma yawancin gidajen da suka watse bayan mutuwar maigida, cakuɗa ukun nan ne ya watsa su.

Bari mu fara da kukan, don shi ya fi sauƙin warwarewa. Hawaye ba ya ƙona mamaci. Magana ce da tsofaffin mata suka gada don su tsorata mai kuka ta yi shiru, kuma tana da tushen da aka karkatar. Akwai hadisin da ya ce ana azabtar da mamaci da kukan iyalinsa. Nana A'isha ta yi gyara a kan fahimtarsa, ta kawo ayar da ta ce wata rai ba ta ɗaukar nauyin wata. Malamai da yawa kuma suka ɗora shi a kan kukan mutuwa irin na jahiliyya, musamman idan mamacin ne ya yi wasiyya da shi. Wato kururuwa, birgima a tsakar gida, marin fuska, yaga zane, ɗora hannu a ka ana "wa ka bar mu da shi", kamar ana tuhumar hukuncin Allah. Hawayen da ke zubo miki kina wanke-wanke, ko kin ji kiran sallar asuba kin tuna tarinsa a bakin rijiya yana alwala, ba ya cikin wannan. Manzon Allah (SAW) ya rungumi ɗansa Ibrahimu, yaron da bai cika shekara biyu ba, yana gargara, idanunsa na zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu sai da idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin Yusufu, kuma shi ne dai mai cewa haƙuri kyakkyawa. A nan ƙasarmu ma, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, 'yar'uwarsa Nana Asma'u, da duk iliminta, marsiyya ta zauna ta rubuta masa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne batun kwana uku. An iyakance wa mace kwana uku na zaman makoki a kan wanda ba mijinta ba. Ma'anarsa bayan kwana ukun ta mayar da kwallinta da lallenta da turarenta, ta koma hidimar gidanta da ta mijinta. Iyakar ta zama ce da barin ado. Zuciya ba wanda ya sa mata kalanda.

Zaman makokin ma aikinsa yake yi. Maza a ƙofar gida kan tabarmi, mata a ciki, kowa ya zo a yi addu'a a shafa, a ce "ya haƙuri?" ki ce "da godiya". Sau ɗari biyu ko uku za ki amsa wannan gaisuwa, kuma maimaicin ne ke sa kunne ya yarda da abin da zuciya ke musu. Maƙwabta su ne da girki, bisa umarnin da Annabi (SAW) ya bayar a yi wa iyalin Ja'afaru abinci bayan shahadarsa a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Yanzu an juya lamarin, gidan mutuwa ne ke ɗora manyan tukwane, a yi hayar rumfa da kujeru, sau da yawa da kuɗin mamacin da ya bar marayu. Wannan kuskure ne babba, za mu dawo kansa. Abin da ba a cika faɗa wa yara ba kuwa shi ne, ciwon na ainihi ranar da aka naɗe tabarmi yake farawa. Baƙi sun tafi, waya ta daina ƙara, ga ɗakinsa a rufe. Makonnin da ke biye da haka su ne masu nauyi, kuma a cikinsu kike yanzu. Kukanki a kan lokacinsa yake.

To, yafiyar da kika yi a kan gawa. Asalin wannan al'ada shi ne haƙƙin ɗan'adam ba ya faɗuwa da tuba ga Allah kaɗai, sai mai haƙƙin ya sauke. Shi ya sa ake kiran matan mamaci da 'ya'yansa kafin a ɗauki makara, shi ya sa kuma a wajen salla wani babba ke miƙewa ya ce duk mai bin marigayi bashi ya ga wane, wanda marigayi ke bi ya kawo, wanda ya saɓa wa ya yafe masa don Allah. Al'ada ce mai kyau, sai dai tana zuwa a sa'ar da mutum bai san inda kansa yake ba, ga idon jama'a, ga kunya. Ba wanda zai iya cewa "ban yafe ba" a wannan ɗaki.

Yafiya niyya ce da yanke shawara, cewa ba zan tsaya da wannan mutum gaban Allah in nemi a bi mini haƙƙina ba. Wannan a hannunki yake. Zafin da ke taso miki in kin tuna kuwa ba ki da iko da shi, kuma ba ya warware yafiya. Wanda aka cire wa ƙaya a tafin ƙafa yakan kwana biyu yana ɗingishi, ba ya nufin ƙayar na ciki. Idan a lokacin da kika furta kin nufi sauke masa, ta zauna. Idan kunya ce ta sa, alhali a ranki kin riƙe, ƙofa a buɗe take har yanzu, ba sai a kan gawa ake yafe wa mamaci ba. Ki sami lokacin da ba kowa, bayan wata salla, ki ambaci abin da sunansa. Kada ki ce "na yafe komai da komai", domin komai ɗin nan ba ya kama komai, washegari abin ya dawo. Ki ce ya Allah, na yafe wa mahaifina maganar da ya faɗa mini ranar kaza, na yafe masa fifikon da na ga ya nuna, duniya da lahira. Ɗaya bayan ɗaya. Wanda kika ji bakinki ya yi nauyi a kansa, ki ajiye shi zuwa wani mako, ki roƙi Allah ya sassauta miki shi. Ma'aunin da za ki gane inda kike: in kina iya ɗaga hannu ki nema masa gafara da sunansa ba tare da wani ɓangare na zuciyarki na cewa "bari dai ya ɗan ɗanɗana" ba, kin yafe, ko da hawaye na zuba.

Kuɗin filin kuma daban. A fahimtar mutanenmu, yafiyar da ake yi a ɗakin gawa ta saɓanin zama ce, kuɗi sai an ambace su. Ajiyar da mai riƙo ya kashe ta zama bashi a wuyansa, kuma hadisi ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Don haka neman kuɗinki ba cin fuskar mahaifinki ba ne, yana cikin hanyoyin kwance shi. Tsarin da ake bi a dukiyar mamaci shi ne, a fara ware abin da ba nasa ba, kamar ajiyar mutane da aro da abin da ke hannunsa na jingina. Sai kuɗin likkafani da haƙan kabari, gwargwadon sani ba almubazzaranci. Sai basussuka, har da ragowar sadakin mata idan akwai wanda bai cika ba. Sai wasiyya, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji. Abin da ya saura shi ne gado. Kuɗin rumfa da shinkafar baƙi da gumbar sadaka ba su cikin wannan jeri, daga aljihun manya masu so suke fitowa.

Ki kalli lissafin da idonki kafin ki yanke. A ce duk abin da ya bari ya kai naira 8,600,000. Ku ne mata biyu, 'ya'ya maza uku, mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi. In kin karɓi bashinki, saura 8,000,000. Tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas, 1,000,000, iyayenku mata su raba 500,000 kowacce. Sauran 7,000,000 a kasa goma, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, kowace mace 700,000, kowane namiji 1,400,000. Ke kin tashi da 1,300,000 ke nan. In kuma kin yafe bashin, kuɗin sun koma cikin tukunya, rabonki ya zama 752,500. Abin da kika bari a zahiri 547,500 ne, kuma 'yan'uwanki da iyayenku mata ne za su ci shi. Wannan misali ne, malamin da zai yi rabo shi zai ba da adadi na gaskiya, amma kin ga siffar abin.

Hanya biyu ce mai kyau. Ko ki nema, ki kawo shaida, saƙon banki na ranar da kika tura, ko mutanen da suka san da ajiyar. Idan maganar ta kai gaban alƙali, bayan shaidu yakan sa mai da'awa a kan mamaci ya rantse cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, don mamaci ba ya nan balle ya kare kansa. Kin ga dalilin da ya sa dole ki san matsayinki tun yanzu. Ko kuma ki yafe a bayyane, gaban mutum biyu, a rubuta cikin takardar rabo. Duka biyun sun sauke masa nauyi. Ta ukun ce mugunya, kuma ita mata suka fi bi: a yi shiru don kunya, ba a nema ba, ba a yafe ba, a raba gado a watse, sannan shekara ashirin ana ba 'ya'ya labarin yadda 'yan ɗaya ɗakin suka ci kuɗin fili. Wanda ya yafe don an matsa masa ma bai yafe ba, domin dukiyar musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Irin haka ne ke faruwa da 'yan'uwa mata da ake ce wa "ku bar wa maza gida da gona". Wadda ta san adadin rabonta sannan ta bari da son ranta, ta yi kyauta. Wadda ba a ma faɗa mata adadin ba, an ƙwace ne da lallami. Rabon ƙananan yara kuwa ba wanda ke da ikon yafe shi, ko uwarsu.

Baffanki ba shi da ko kwabo a gadon, tunda akwai 'ya'ya maza. Riƙe takardun dukiyar Malam da kika ce ya yi ba laifi ba ne idan an lissafa su. Abin da ke kashe zargi tun yana ƙarami shi ne a zaunar da mutum uku, ɗaya daga kowane ɗaki da wani wanda ba ruwansa, a rubuta komai a littafi: gida, gona, dabbobi, kayan shago, kuɗin banki, adashi, wanda ake binsa da wanda yake bi. Kowane ɗaki ya ɗauki hoton shafukan a waya. Gida da gona a sa dillalai biyu su kimanta, kowanne daban. Banki ba ya sakin kuɗi sai da takardar shaidar mutuwa da takardar kotu, kuma wanda Malam ya rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci wakili ne kawai, kuɗin na magada ne duka. Kada a bar rabo ya shekara. Jinkirin da ke da hujja shi ne idan ɗaya daga matan na da ciki, sai ta haihu, ko ana bin sawun basussuka. In ba haka ba, da zarar wani magaji ya rasu kafin rabo, lissafi ya hau kan lissafi, 'ya'yansa ma sun shigo, rigimar ta zama ta jikoki. Carbinsa da hularsa da Alƙur'aninsa da wayarsa duk gado ne. In kina son ɗaya don tunawa, ki roƙa a gaban kowa, a yi masa kuɗi a cire a rabonki ko su bar miki. Ɗaukar hula a ɓoye ta sha haddasa gabar da fili bai haddasa ba.

Saura haushin masu rai. Ki san cewa ɓoye tsananin ciwo tsohuwar ɗabi'armu ce. Bahaushe ko yana kan gargara aka tambaye shi jiki zai ce da sauƙi. Na nesa kuma, musamman mace mai ciki ko mai goyo ko wadda za ta hau doguwar hanya, ba a faɗa mata gaskiya. Ko an riga an rasu, "jikin ya tsananta, ki taho" ake cewa. Wani lokaci majinyacin ne da kansa ke cewa kada a tayar wa kowa hankali. Wani lokaci masu jinya ne ba su yarda mutuwa ce ba har sai ta zo. Wani lokaci kuma, ba a ɓoye ba, 'yan ubanci ne. Al'adar ba ta dace da zamanin da mota ke kawo mutum a wuni ɗaya ba, kuma an tauye ki, don an hana ki ganin mahaifinki da neman gafararsa yana da rai. Amma kada ki yanke hukuncin wanne ne cikin dalilan nan kafin ki tambaya. Ki sami ƙanenki da ya riƙa kwana a asibitin, ku biyu kaɗai, ki yi masa tambaya ɗaya: wa ya ce kada a faɗa mini? Ki shirya wa amsar, don tana iya zama Malam ne da kansa, saboda nauyin kuɗin nan da yake ji.

Idan ta tabbata an yi miki ba daidai ba, ga yadda ake yi. Ba a tayar da maganar a zaman makoki, ko ranar sadaka, ko gaban surukai da baƙi. Ba a rubuta ta a zauren WhatsApp na dangi, domin abin da aka rubuta ana ajiye shi, a tura wa wanda ba a nufa ba, kuma babban da aka kunyata gaban yara ba ya saukowa. Ana samun wanda ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, aminin mamacin ko limamin unguwa ko gwaggo babba, a faɗa masa tun da wuri. Ke za ki je inda baffanki yake, ko da ke aka yi wa laifi, haka tsarin yake. Ki gaishe shi, ki yi masa ta'aziyyar ɗan'uwansa, don shi ma rashi ya yi. Sannan ki faɗi abu ɗaya tak: Baffa, abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban sami ganinsa ba. Kada ki haɗa da zancen takardu ko abin da ya faru shekara goma baya. Ƙorafi ɗaya ana amsa shi, in suka kai biyar faɗa ne.

Kuma ki san yaren ban haƙurin manya, don kada ya ba ki haƙuri ki tashi ba ki ji ba. Dattijo da wuya ya ce wa 'yar ɗan'uwansa "na yi laifi". Zai ce "a yi haƙuri, haka Allah ya so", ko "komai ya wuce", ko ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ko bayan kwana biyu ki ga an aiko miki da buhun gero, ko ya kira ya ce a ba shi yara su gaisa. Wannan shi ne. Mai jiran jin kalmar da bakinsa zai daɗe yana jira.

Yafiya kuma hawa-hawa ce. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da ɗan'uwansa Misɗahu ba saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, sai aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana tambaya, ba ku son Allah ya gafarta muku? Ya mayar masa da ciyarwar. Wannan hawa na sama ne. Amma Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, da ya musulunta Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, sannan ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Ke nan mutum na iya sauke haƙƙi alhali bai iya jure kallon fuska ba tukuna. Abin da aka hana shi ne gaba: ƙaurace wa ɗan'uwa musulmi fiye da kwana uku, ku haɗu kowa ya kau da kai. Sallama tana fitar da mutum daga wannan. Ƙaramin zumuncin da ba ya faɗuwa shi ne gaisuwa, dubiya, ta'aziyya da barka. Ba wanda ya wajabta miki ki sake ba wani ajiya, ko ki faɗa masa sirrinki, ko ki tura masa yara hutu.

Akwai abin da ba ki rubuta ba amma yana leƙowa tsakanin layukan saƙonki, wato kalaman da ke kika faɗa masa a rabuwarku ta ƙarshe. Sau da yawa rabin haushin da mai makoki ke ji da mutane, haushin kansa ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Biyayyar iyaye ba ta ƙarewa da mutuwarsu, kuma an faɗi abin da ya rage wa ɗa: yi musu addu'a, nema musu gafara, cika alkawarin da suka ɗauka, girmama abokansu, da sada zumuncin da ba a samunsa sai ta wajensu. Ki duba na ƙarshen nan da kyau. Baffanki da ƙannenki na ɗaya ɗakin su ne wannan zumuncin. Sadaka a madadinsa ma tana isa gare shi, ko tulun ruwa ne a ƙofar masallaci da za ki ɗauki nauyin cika shi, in dai da kuɗinki ne.

Mahaifiyarki tana takaba, wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ce. Da watan Musulunci ake ƙirgawa daga ranar rasuwa, misali wanda ya rasu 6 ga Muharram, matarsa za ta fita wajen 16 ga Jimada Ula. Mai ciki kuwa haihuwarta ce fitarta. Abin da ke kanta shi ne barin ado: kwalli, lalle, turare, gwal da tufafi masu ɗaukar ido, da kwana a ɗakinta na gidan miji. Tana iya fita da rana don buƙata, asibiti ko aiki. Riƙe 'yar wuƙa, da hana wanka sai Juma'a, da magana ƙasa-ƙasa, da ƙin amsa waya, duk ƙari ne na al'ada, kuma su ne ke mayar da takaba kurkuku. Abin da ake yawan mantawa shi ne a mazhabarmu ta Malikiyya mai takaba tana da wurin zama idan gidan na mijin ne ko ya riga ya biya haya, amma ba a ciyar da ita daga dukiyar gado. Cefanenta na wata huɗun nan a wuyanku yake ku 'ya'yanta, ku tsara shi tun yanzu, kowa ya san abin da zai riƙa kawowa. A gefe guda, matar da kike jin haushi ita ma a wannan hali take, a ɗakin da ke kallon na mahaifiyarki.

Arba'in ba farilla ba ce. Ba a ƙayyade uku ko bakwai ko arba'in a sunna ba, kuma tun bayan kafuwar Izala a Jos a 1978 gardamar ta shiga kusan kowane gida, wasu na ganin bidi'a ce, wasu na ganin sadaka ce da addu'a da aka sa wa rana. Wadda ba ta zo ba ba ta yi zunubi ba. Amma a ganina ki zo, domin a gidanku ana yi, kuma ita ce ranar ƙarshe da za a ga kowa wuri ɗaya. A nan ake rufe karɓar masu bashi, a tsayar da ranar rabo. Rashin zuwanki za a fassara shi yadda ba ki nufa ba, kuma a yanke magana ba kya nan. Ki iso da kwana biyu kafin ranar. Bayan kin ajiye kaya ɗakin mahaifiyarki, ki shiga ɗaya ɗakin ki durƙusa ki ce "ya ƙarin haƙuri", ko minti biyu ne. Ranar sadakar ki sa hannu a aiki, jiƙa gero da daka da cura gumba, hannu na aiki baki na hutawa. Washegari, bayan baƙi sun ragu, sai zaman baffa. Zancen littafin dukiya a ba shi nasa zaman daban.

Ki kuma kula da jikinki. Nana A'isha takan sa a dama wa masu makoki talbina, wani kunu na garin sha'ir, tana faɗin cewa Annabi (SAW) ya ce tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana rage baƙin ciki. Kununmu na gero ko na gyaɗa da ɗumi zai shiga inda tuwo ya ƙi shiga. Saƙonnin muryarsa da ke wayarki kada ki goge, amma kada ki saurare su bayan isha'i. Hotonsa na gadon asibiti a daina yawo da shi. Ganinsa a mafarki, ko jin kamar ya yi sallama, abu ne da masu rashi ke yawan gani, ba sai an ce aljanu ba. Idan barci ya ƙaurace miki makonni a jere, ko kin kasa kula da yara, ko abin ya wuce wata shida bai sassauta ko kaɗan ba, ki ga likita, akwai masu wannan fanni a asibitin Dawanau nan Kano da manyan asibitocin koyarwa. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ranar za ki faɗa wa mijinki ku tafi, ba jira. Mahaifiyarki ma a riƙa auna mata jini, masu takaba kan ɓoye ciwon kai da jiri su ce tunani ne.

In za ki taho, ki nemo saƙon bankin nan na ranar da kika tura kuɗin, ki buga shi a takarda ki riƙe, ko da yafewa za ki yi, don a rubuta adadin daidai. Gudummawar sadakar ki ba yayanku a hannu gaban mahaifiyarku, tiya biyu ta gero da sukari sun isa. Ki gaida maigidan naki da yaran.

Kawunki.